Dutsen Taimamar Kakana

Ni mutum ce mai yawan mantuwa, shi ya sa nake rubuta komai a takarda, har abin da zan sayo a kasuwa. Amma akwai abu ɗaya da ban taɓa buƙatar rubutawa don in tuna shi ba, kuma ina jin ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa manta sunayen jikokina, wannan ba zai fita daga raina ba. Shi ne ranar da na tarar da dutsen da aka ba ni amana a kan cinyar kakana, yana shafa shi da tafin hannu.

A lokacin ina shekara ta biyu a karatun digiri na biyu, a sashen ilimin duwatsu na wata jami'a a nan Kumasi. Aikina a kan duwatsun da ba na ƙasa ba ne. Akwai wasu manyan duwatsu da ke kewaya rana kamar yadda duniyarmu ke yi, wasu girman gida, wasu girman unguwa guda, kuma hanyar wasunsu tana gittawa kusa da tamu. Masana suna so su san irin duwatsun da ke kwance a bayansu, masu tauri ne ko masu rauni, cunkusassu ne ko masu ƙofofi, domin sanin haka yana taimakawa wajen hasashen inda za su bi nan gaba. Tun da ba kowa ke iya aika jirgi can ba, irinmu da gutsattsarin da suka ɓalle suka faɗo duniya muke aiki. Ana haska su da wata fitila, a auna hasken da ya dawo daga fuskarsu, sannan a kwatanta da abin da na'urorin hangen nesa ke gani a sama.

Irin wannan gutsure ne ya zo hannuna. Bai kai sabulun wanka girma ba, baƙi ne kamar gawayi, an yanke gefe ɗaya ya zama shafaffe sumul. An ce a hamadar arewacin Nijar aka tsince shi, daga nan ya tafi wani gidan ajiya a ƙasar waje. Malamar da ke duba aikina, wata farfesa 'yar ƙabilar Asante mai ƙarancin magana, ta kusa shekara biyu tana rubuta wasiƙu kafin su yarda su ba mu aronsa na wata shida. Sharaɗinsu kuwa a fili yake: kada hannu ya taɓa shi sai da safar hannu, ya zauna cikin leda a rufe, ledar kuma cikin akwatinta. Ta sa hannu, ni ma na sa. Duk karatuna a kan wannan shafaffiyar fuskar ya dogara. Idan ta ɓaci, shekara biyun da na yi sun tafi, ga kuma sunan malamar da ta tsaya mini.

Kuskuren farko nawa ne, kuma tsoro ne ya jawo shi. Damina ce, an sa ni in raka ɗalibai aikin fili na kwana shida a tafkin Bosomtwe, malamata kuma ta yi tafiya. Ana gobe za mu tashi na ɗaga kai a ɗakin gwaji, na ga wani tabon lema a rufi, daidai saman kabad ɗin da muke ajiye dutsen. Wataƙila tsohon tabo ne. Daga baya ma na gane ya fi shekara uku a wurin, bai taɓa ɗiga ba. Amma ni a ranar ba abin da nake gani sai rufi ya rufto, ruwa ya cika akwati. Na zagaya ɗakin ya fi sau goma. A ƙarshe na ɗauki akwatin na sa a jaka, na hau trotro, wato motar haya, na kawo shi gidanmu a unguwar Zango, na tura shi can ƙarƙashin mayafaina a cikin durowa. Ban gaya wa kowa ba, a makaranta ko a gida. A ganina na yi hankali ke nan.

Dole in faɗi yadda gidanmu yake a lokacin. Kakana na wajen uwa tun yana saurayi ya zo daga Nijar, ya yi rayuwarsa a cinikin goro har ƙarfinsa ya ƙare. Idonsa ya yi rauni ƙwarai, amma hannunsa bai tsufa ba. Bai daɗe da dawowa daga asibiti a Bantama ba, an yi masa aiki a ƙafa, ga ciwon ƙirji, likita ya hana shi taɓa ruwa yadda ya saba. Don haka taimama yake yi. Yana da wani dutsen rafi da ya daɗe yana ajiye da shi, sai ya ɓace a hidimar sallamo shi daga asibitin. Ya koma dafa bango, yana ta mita wai bangon fenti ne, zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Sau biyu Mma, wato mahaifiyata, tana ce mini, "Ke da kike karatun duwatsu, ki samo wa tsohon nan dutsen taimama mai kyau mana." Sau biyun ina cewa to. Ban rubuta a takarda ba, na manta.

Abin da aka sani game da ni a gida ke nan: tana karatun duwatsu. Wasu maƙwabta sun ɗauka zinariya nake koyon nema, wata ma ta taɓa tambayata ko zan samo wa mijinta tsakuwar gini da sauƙi. Ban taɓa zama na yi wa kowa bayani ba. Na ɗauka ba za su gane ba, ko kuma za su yi mini dariya.

Ranar Asabar na dawo, ana shirin kiran la'asar. Na gaishe da Mma a tsakar gida, tana tace gasarar kokon da za ta sayar washegari, na wuce ɗaki kai tsaye na jawo durowa. Akwatin yana nan. Ledar tana ciki, an ninke ta da kyau. Safar hannun ma an ninke an ɗora a kai. Dutse ne kawai babu. Na zazzage mayafan a ƙasa, na laluba bayan durowar, na leƙa ƙarƙashin gado, duk da na san dutse ba ya ninke leda ya fita da kansa.

Mma ta leƙo da murmushinta, hannunta duk gasara. "Allah ya yi miki albarka," in ji ta. "Ashe kin samo kika yi shiru? Ranar da kika tafi, mayafina mai ruwan ƙasa nake nema na gan shi. Har da akwati, har da safa, kamar kayan lefe. Kakanki tun ranar yake sa miki albarka."

Ban san yadda na kai ɗakinsa ba. Yana zaune a kan katifa, ƙafarsa mai bandeji a miƙe, dutsen a kan cinyarsa, shafaffiyar fuskar tana kallon sama. A gabana ya buga tafukansa biyu a kai ya shafi fuskarsa, ya sake bugawa ya shafi hannuwansa. Na tsaya a bakin ƙofa. Ba ni da halin katse mutum yana shirin ganawa da Ubangijinsa, haka na jira har ya yi raka'a huɗu a zaune ya sallame. A cikin wannan jiran na yi lissafi: kwana shida, salla biyar-biyar, talatin ke nan, ban da nafilfilinsa, shi kuwa mai yawan nafila ne. Sannan hancina ya ɗauko wani ƙamshi da na sani tun ina ƙarama. Man kaɗanya. Kullum da safe Mma tana shafa masa a hannu da ƙafa saboda bushewar fata.

"Wa nake ji kamar amaryata?" in ji shi. Haka yake kirana tun ina rarrafe, irin wasan kaka da jika. "Kin tafi yawon kwana shida kin bar miji da jinya. Amma na yafe, tun da kin bar mini wannan. Duk matan da na aura ba wadda ta taɓa yi mini kyauta irin taki."

Na durƙusa na ce, "Kaka, ba naka ba ne." Sai kuka ya ƙwace mini.

Mma da ta fahimci dutsen na makaranta ne, kuma ba a son a taɓa shi, sai ta ce ai abu mai sauƙi ne, a ba ta shi ta wanke da soso da sabulu ta shanya, kafin magariba ya bushe. Har ta miƙo hannu. Na daka mata tsawa. Ban taɓa ɗaga wa mahaifiyata murya ba sai ranar, kuma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ta janye hannunta a hankali ta ce, "Da kin faɗa mana abin da yake, wa zai taɓa miki?" Ta fita. Gaskiya kuwa ta faɗa.

Kaka ne ya sa na zauna na yi bayanin da ya kamata in yi tun shekara biyu da suka wuce. Na gaya masa dutsen daga sama ya faɗo, cewa ya ɓalle ne daga wani babban dutse mai yawo tsakanin taurari, cewa a hamadar ƙasarsu ta haihuwa aka tsince shi. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "Ashe ɗan garinmu ne." Can kuma fuskarsa ta canza. "To tsaya. Taimama da abin ƙasa ake yi. In wannan na sama ne, sallolina na kwana shida fa?" Ni ina kukan karatuna, shi yana jimamin sallarsa. Washegari da hantsi sai da aka kira masa limamin masallacin layinmu. Liman ya tambaye ni ko dutsen ya daɗe a ƙasa kafin a tsince shi. Na ce ban da tabbas, amma mai yiwuwa ɗaruruwan shekaru, ko ma fiye. Ya ce to dutse ne dai, mai tsarki, kuma ya riga mu duka zama a doron ƙasa, a iya saninsa bai ga abin da zai ɓata sallar ba, amma zai ƙara dubawa. Kaka ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi. Saura matsalar amarya."

Tawa kuwa ita ce mai wuya, kuma a nan zan faɗi abin da ban cika son faɗa ba. Ranar Lahadin nan na mayar da dutsen cikin ledarsa da safar hannu, na ɗaga shi a hasken taga. Ido ba zai ga komai ba. In ma akwai bambanci, ɗan sheƙi ya ƙara. Zuciyata ta fara raya mini cewa in mayar da shi kabad da sassafe kafin kowa ya zo, in ci gaba da awo kamar ba abin da ya faru. Na san man zai fito a sakamakon, amma wa zai ce daga ina ya zo? Ana iya cewa tun can wurin masu shi ne. Na daɗe ina juya wannan tunani, fiye da yadda nake so in amsa.

Kaka ya aiko a kira ni. Ban gaya masa abin da nake saƙawa ba, amma ina jin shirun da na yi ne ya tona ni.

"Gobe za ki je ki gaya wa malamar taku?" ya tambaya.

Na ce ina dai tunani.

"Tunanin me? Ki ce mata wani tsoho makaho ne ya yi."

"Ai ni na kawo shi gida, Kaka. Ba a ba ni izini ba."

"To ki faɗi duka biyun. Ki fara da naki." Sannan ya ƙara da cewa, "In kin ɓoye, duk abin da kika auna a kansa kika rubuta, wani zai karanta ya yarda. Man kaɗanyar uwarki zai shiga littafi a ce daga sama ya zo." Na yi dariya ina hawaye, don kuwa abin da zai faru ke nan daidai.

Na tashi zan fita sai ya ƙara wata magana, kamar mai yi wa kansa. Ya ce zai yi kewar dutsen, domin bai taɓa riƙe irinsa ba. Tsohon dutsensa na rafi, in ya dafa shi da asuba, sanyinsa har cikin ƙashi yake cizo. Wannan kuwa da ka ɗora hannu ya ɗauki ɗuminka, da ka ɗaga ya sake shi. "Sai dai kusurwa ɗaya," in ji shi. "Akwai wata kusurwa da take da sanyin dutsen gaske. Kamar ba uwarsu ɗaya da sauran ba." Na ji maganar, amma hankalina yana kan gobe, ban ba ta muhimmanci ba.

Ranar Litinin na shiga ofishin malamata. Na fara da nawa, kamar yadda aka umarce ni. Na faɗi tabon rufi, da trotro, da durowa, da taimama, da man kaɗanya. Sai da na yi mata bayanin mece ce taimama, tun da ita Kirista ce. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ta cire tabarau ta ajiye, ta daɗe tana kallon akwatin. Sannan ta ce dutse mai ƙofofi irin wannan yana shan mai kamar yadda burodi ke shan shayi, awon haske a wannan fuskar ya ƙare, kuma yau ɗin nan za ta rubuta wa masu shi, ba za ta rage komai ba. Ta ce ba ta san abin da za su ce ba, ba ta kuma san ko akwai sauran abin da zan rubuta kundina a kai ba. Ta tambaye ni ko akwai wani abin da ban faɗa ba.

Don kawai kada in bar komai a baya, na ce wataƙila ba shi da amfani, amma tsohon ya ce dutsen ba ya cizo da sanyi, ban da kusurwa ɗaya.

Ta mayar da tabaraunta. "Wace kusurwa?"

Na ce ban tambaya ba.

"Kina karatun nan shekara biyu, mutum ya gaya miki wannan, ba ki tambaya ba?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Sanyin da hannu ke ji in ya dafa dutse ba wani abu ba ne illa saurin da dutsen ke janye ɗumi daga fata. Cunkusasshen dutse yana ja da sauri, shi ya sa yake cizo. Mai ƙofofi ba ya iyawa. Wannan halin kuwa shi ne ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ake aunawa a kan waɗancan duwatsu na sama: yadda bayansu ke ɗaukar zafi in rana ta haska shi, da yadda yake hucewa in ya juya. Daga nan ake hasashen ko dutse ne mai tauri ko mai rauni. Na karanta wannan, na ci jarrabawa a kansa. Amma da kakana ya faɗe shi da Hausa a kan katifa, ban gane shi ba. Mu kuma duk mun ɗauka gutsuren nan jinsi ɗaya ne daga wannan gefe zuwa wancan, tun da haka ido ya nuna mana.

Ranar Laraba da safe malamata ta zo Zango da kanta. Ta ajiye motarta a bakin titi, muka ratsa lungu tana tsallake kwata da jakarta a hannu, mata masu sayar da waakye, wato shinkafa da wake, suna bin mu da kallo. Mma ta rasa inda za ta sa kanta, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta kawo koko da ƙosai. Malamata ta durƙusa ta gaishe da Kaka, tana kiransa Nana, wato kaka a yarensu. Shi kuwa ya juye zuwa yaren nasu, Twi, wanda ya iya tun zamanin kasuwar goro, ya ce mata, "Laifin nawa ne, ki yi wa matata afuwa." Ta juyo ta dube ni da mamaki, sai da na yi mata bayanin wasan jika da kaka. Ranar na fara jin dariyarta.

Ba ta kawo dutsen sama ba, wannan ya koma kabad an kulle. Wasu duwatsu biyar ta kawo na nan ƙasa, waɗanda an riga an auna su a ɗakin gwaji. Ta jera su a inuwa, ta ce a bar su su huta tukuna har ɗuminsu ya zama ɗaya, muka sha koko muna jira. Sannan ta roƙe shi ya jera mata su daga mai cizo zuwa marar cizo. Ya riƙa dafa kowanne da tafi, ya ɗaga, ya sake dafawa da bayan yatsu, kamar yadda na sha ganin yana yi wa goro in yana son ya san wanda ya fara bushewa. Uku ya jera su ba tare da jinkiri ba. Biyu kuwa ya daɗe yana juya su, a ƙarshe ya ajiye su gefe da gefe ya ce, "Waɗannan ba zan yi musu ƙarya ba, tagwaye ne." Malamata ta buɗe takardarta ta nuna mini. Jerinsa ya yi daidai da na na'ura, kuma biyun nan tazarar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce ƙwarai.

Daga nan ta tambayi Mma ko akwai sabulu sabo. Aka kawo, ta sa a hannunsa ta ce ya ɗauka wannan ne dutsen, ya nuna mata inda sanyin yake. Ya juya sabulun sau biyu har ya zauna masa yadda ya saba riƙewa, sannan ya sa farcen babban yatsa ya zana wani ɗan lungu a kusurwa ɗaya, bai kai faɗin ƙwayar goro ba. Ta naɗe sabulun a hankici ta sa a jaka kamar wani abin daraja. Mma ta raɗa mini, "Shi ke nan sabulun nawa ya tafi jami'a?"

Ba zan ce komai ya warware a ranar ba, don bai warware ba. Amsar masu dutsen ta ɗauki kusan mako uku, kuma makonnin nan ban ji daɗin abinci ba. Da ta zo, wasiƙa ce mai sanyi, ba yabo ba zagi. Sun nuna rashin jin daɗinsu a fili. Amma sun ce tun da an gaya musu gaskiya da wuri, kuma an faɗi ainihin abin da ya taɓa dutsen, sun san abin da za su rubuta a tarihinsa. Sun yarda a ɗauki hoton cikinsa, irin yadda ake yi wa mutum a asibiti, a kuma yanke siririn ɓawo daga fuskar da ta sha mai. Hoton ya nuna wani dunƙule cunkusasshe a binne a kusurwa ɗaya, wanda ba jinsinsu ɗaya da sauran ba. Malamata ta ɗora sabulun kusa da hoton. Ban ce layin farcen ya bi shi sak ba, amma kusurwar ita ce, girman ma bai yi nisa ba.

Haka kundina ya tashi daga awon haske ya koma awon zafi: yadda gutsure ɗaya zai ƙunshi ɓangare mai saurin ɗaukar ɗumi da ɓangare mai jinkiri, da abin da hakan zai iya nufi ga masu auna waɗancan duwatsu daga nesa. Ban gano wani babban abu ba, kada a ɗauka haka. Ɗan ƙaramin aiki ne a kan dutse ɗaya, kuma na cika shi da "mai yiwuwa" da "sai an ƙara bincike" har malamata ta ce in rage. Na kuma biya kuskurena. An karɓe makullin kabad daga hannuna, har na gama ban sake buɗe shi ni kaɗai ba, kuma na kammala bayan abokan karatuna da zangon karatu guda. Ban ga rashin adalci a ciki ba.

A shafin godiya malamata ta ce dole a sa Kaka, ba a cikin jerin dangi ba, a cikin waɗanda suka taimaka wa binciken. Na karanta masa ina fassarawa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ba su rubuta cewa ni ne mijin ba?" Kafin nan na riga na koma Bosomtwe takanas na zaɓo masa dutse a bakin tafki, sumul, daidai tafin hannu, na cika alkawarin da na yi wa Mma sau biyu na manta. Ya dafa shi ya janye hannu da sauri. "Wannan mai cizo ne. Ki dawo mini da ɗan garinmu." Amma da shi ya ci gaba da taimama har Allah ya karɓi abinsa a daminar da ta biyo baya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

In na waiwaya, mutum uku nake gani da ban san yadda zan gode musu ba. Mma, wadda na yi wa tsawa a kan laifin da nawa ne, ta yafe mini tun kafin in gama roƙo. Malamata, wadda take da dalilin sallamata, ta zaɓi ta tsallake kwata ta zo ta durƙusa gaban tsoho ta tambaye shi abin da ya sani. Da kuma Kaka, wanda ya hana ni yin ƙaryar da na kusa yi.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya zauna. Na ɗauka tsare amana shi ne in ɓoye ta inda ba wanda ya sani, ashe ɓoyewar ce ta ɓata ta, faɗin gaskiya kuma shi ya ceto abin da ya saura. Na kuma ɗauka ilimina ya fi ƙarfin gidanmu, alhali amsar tana ɗakin da ke kusa da nawa, a tafin mutumin da ban taɓa tambaya ba. Yanzu ni ma ina koyarwa, kuma siririn ɓawon nan da aka yanke yana nan a kabad ɗinmu, masu shi sun bar mana. Duk sabon ɗalibin da ya zo nakan nuna masa, in ce ya karanta takardar da ke manne a jikin ledar, inda aka rubuta abin da ya taɓa shi: tafin hannu da man kaɗanya. Sannan in tambaye shi ko mutanen gidansu sun san abin da yake karantawa. In ya ce ba za su gane ba, sai in ce ya je ya gwada tukuna, ya dawo ya gaya mini abin da suka ce.